Shamuwar da Ta Fi Ƙofa Faɗi

Direban motar ɗaukar kaya ya tsaya a bakin ɗakin, ya dubi tsuntsuwar, ya dubi ƙofar, ya sake duban tsuntsuwar. Sannan ya juyo ga Auta, wadda ta ƙera ta.

"Hajiya, ta ina aka shigo da ita?"

Ai ba a shigo da ita ba. A cikin ɗakin nan aka haife ta. Tun daminar bara Auta take bin bola da rumfunan masu gyaran laima, tana kwasar laimomin da iska ta karya, tana kawo su gida cikin buhu. Ta feɗe baƙin yadinsu ta wanke, ta yayyanka shi ya zama gashin tsuntsu. Siraran ƙarafan nan masu gaɓa ta jera su suka zama fukafukai, kowace gaɓa ta naɗe ta tamau da jar waya don kada ta lanƙwashe. Sandunan suka zama ƙafafu. Abin da ya fito shamuwa ce ƙatuwa, ta ware fukafukai daga wannan bango kusan zuwa wancan, har Auta ta mayar da katifarta ƙarƙashin fiffiken dama tana kwana a can.

Ta auna ƙofar zauren da za a baje kolin ayyukan masu fasaha. Ta auna bayan motar. Har lungun da zai fitar da su titi ta auna. Ƙofar ɗakinta kuwa, wadda take shiga take fita ta cikinta kullum, ko sau ɗaya ba ta zo mata a rai ba.

Kuma yau ake buɗe zauren. Jiya shugabar wurin ta gaya mata a waya, ba da wasa ba, cewa duk aikin da bai tsaya a gurbinsa ba kafin baƙi su shigo, za a ba wani gurbin, akwai mai zane da ke jira da hotunansa a jingine a ofis. Wannan ne karo na farko da aka gayyaci Auta. Saboda shi ta ajiye aikin koyarwa.

Suka fara gwadawa ita da direba. Suka sa kai gaba, fukafukan suka tokare. Suka karkata ta, fiffike ɗaya na kallon rufi ɗaya na shafar ƙasa, na saman ya daki katakon ƙofa. Direba ya ce a ɗan matsa kaɗan, ai ƙarfe ne, zai ba da kai. Ya matsa. Wani abu ya ce ƙas a cikin fiffiken hagu. Auta ta ji ƙarar har cikin haƙoranta, ta ce su mayar da ita, su mayar da ita yanzu.

Ana haka Yaya ya fito daga ɗakinsa cikin fararen kaya masu guga, zai tafi ofis. Shi ne babban wanta, shi ne kuma ya raɗa mata suna sarauniyar bola tun ranar da ya ga buhun farko. Ya leƙo, ya fahimci abin da ake ciki, ya buɗe baki zai yi dariya. Da ya ga fuskarta ya haɗiye rabinta.

"Auta, shekara guda kina kwana da ita, ba ki taɓa tambayarta ko tana da niyyar fita ba?"

Ya ajiye jakarsa ya naɗe hannun riga. Ya ce a cire ƙyauren. Suka samo sukudireba suka kwance shi suka jingine a tsakar gida. Abin da ya ƙaru bai fi faɗin tafin hannu ba. Suka dubi taga, ƙarafa ne a dase cikin siminti. Direba ya koma mota ya danna ham, ya dawo ya ce shi fa yana da wani lodin, kuma mai shi ba ya jira.

Mama, wadda tun ɗazu take tsaye da ludayi a hannu, ta ce ko a fasa gefen bangon kaɗan, daga baya a kira magini. Yaya ya ce a kawo guduma. Ba a san wanda ya kai labari ba, amma kafin gudumar ta iso mai gidan da suke haya ya iso, yana haki, hula a karkace. Ya dubi ƙyaurensa a jingine, ya leƙa ɗakin, ya ja da baya da ya yi ido biyu da shamuwar. Mama ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta fara lallashi. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce shi yana ganin girmanta, amma duk wanda ya taɓa masa bango da ƙarfe, ya haɗa kayansa yau ɗin nan, har da tsuntsun. Ya jawo kujera ya zauna a gaban bangon.

Wayar Auta ta yi ƙara. Shugaba ce. Ta tambaya ko sun kusa, ta ce kowa ya gama kafa nasa, an share, ana jera kujeru, gurbinta kaɗai ne fili kamar wawulo. Auta ta ce suna hanya.

Yaya ya ja ta gefe ya sassauta murya. Ya ce a sa zarto a yanke fiffike ɗaya daga kafaɗa, in an isa can a nemo mai walda ya liƙa. Ta girgiza kai. Ƙarfen laima siriri ne, wutar walda tana taɓa shi zai narke, yadin kuma ya kama da wuta. Ya ce to ta faɗi nata.

Ta koma ciki ta durƙusa a gindin fiffiken hagu, don ta ga ɓarnar da direba ya yi. Ta ɗaga gashin tana lalube har ta kai wurin. Ƙarfen bai karye ba. Wayar da ta naɗe gaɓar ce ta tsinke, shi kuma ƙarfen ya lanƙwashe abinsa salin-alin, ya kwanta a jikin ɗan'uwansa yadda ya saba yi tun yana laima.

Ta daɗe tana kallonsa. Idan ta tsinke sauran wayoyin, fiffiken zai naɗe, shamuwa za ta fita. Amma ɗaurin wannan fiffiken kaɗai ya ci mata makonni, da yatsu duk tsaga, kuma ba ta da tabbacin in ya naɗe zai sake buɗewa yadda yake. A waje ham ya sake tashi, wannan karon bai tsaya ba.

"Yaya, miƙo mini filaya."

Ta fara daga bakin fiffiken tana yin ciki. Kowace waya ta tsinke sai gashin ya ɗan sauka. Mama ta juya baya ta ce ita ba za ta iya kallo ba. Da ta datse ta ƙarshe a kafaɗa, fiffiken ya zube gaba ɗaya ya manne a jikin tsuntsuwar. Suka karkata ta, na dama ya bi ta kusurwar ƙofa da ƙyar yana kartar fenti, mai gida na cewa a yi a hankali da fentinsa. Sai ga shamuwa a tsakar gida, rana na dukanta karon farko.

Yaya ya dubi agogo, ya dubi rigarsa da ta riga ta yi baƙi a ƙirji, ya yi tsaki ya haye bayan motar tare da ita. Duk hanyar Auta na rungume da wuyan tsuntsuwar, duk ramin da motar ta faɗa sai ta ƙara ƙanƙame shi.

Zauren fari ne fes, fitilu na haska bangaye. Ga aikin wani da tsofaffin cokula, ga na wata da buhunan siminti da aka ɗinke. A tsakiya ga gurbinta, kuma a gefensa wani dogon mutum na tsaye da hotuna a jingine a ƙafarsa. Shugaba ta taho da sauri, takalmanta na ƙwas-ƙwas. Ta dubi fiffiken da ke lilo, ta tambaya ko haka aikin yake. A hoton da aka aiko mata, in ji ta, fukafukai biyu ne a buɗe, kuma abin da ta amince da shi ke nan. Auta ta ce yanzu zai buɗe.

Ta ce wa Yaya ya ɗaga bakin fiffiken sama ya riƙe, ita kuma ta ɗaure. Ya ɗaga. Fiffiken ya buɗe tsaf, ko gashi ɗaya bai goce ba. Ta ciro wayar daga jaka ta fara naɗi. Gaɓa ɗaya, biyu. Wayar ta soke ta a yatsa, ta tsotse jinin ta ci gaba. Ta ce ya ɗan saki su gani. Ya saki, fiffiken ya fara sulalewa ƙasa, ya yi maza ya tare. Gaɓoɓin da suka rage sun fi gaban a ƙirga, kuma a bakin ƙofa an fara jin hayaniyar mutane.

Shugaba ta ce lokaci ya yi. Ta ɗaga hannu za ta yafito mai hotuna, sai ta tsaya. Ta ja da baya taku kaɗan, ta karkata kai, tana kallon baƙar tsuntsuwa da fukafukanta a ware, da mutum cikin fararen kaya a ƙarƙashin na hagu, hannu biyu a sama, gumi na bin wuyansa.

"Wannan bawan Allah zai iya tsayuwa haka?"

Auta ta dubi Yaya. Yaya ya zare mata ido. Ta ce zai iya.

Aka buɗe ƙofa. Mutane suka kwararo, kuma kamar an aike su, suka nufo tsakiya. Auta ta cusa filaya cikin jaka ta ɓoye yatsan da ke jini a bayanta. Mai hotuna ya tattara kayansa ya koma ofis. Aka kewaye shamuwar, wayoyin hannu a sama ana ɗaukar hoto. Wata mata ta ce wa ƙawarta dubi sandar laima a ƙafar, irin tata ce da ta ɓata. Wani dattijo mai tabarau ya zagaya sau da yawa, ya tsaya a gaban Yaya yana dubansa kamar shi ma da waya aka ɗaure shi, sannan ya ce wa na kusa da shi abin da ya fi burge shi shi ne yadda hannun mutumin yake rawa.

Da gaske rawa yake. Auta na ganin gwiwar hannunsa na saukowa kaɗan-kaɗan, bakin fiffiken na binsa. Ta matsa kusa kamar mai gyara gashin tsuntsuwar, ta sa kafaɗarta ta tallafi ƙarfen, ya samu ya ja numfashi.

"Ofis sun kira ni har wayar ta gaji," ya ce ta tsakanin haƙora. "In na sauke hannun nan, ke zan fara nema."

"Yi haƙuri, Yaya. Suna fita zan ɗaure sauran."

Shugaba ta ratso taron ta zo, fuskarta a sake. Ta ce gurbin na Auta ne har a rufe baje kolin, ta kuma ce kada a ƙara ko waya ɗaya a fiffiken nan, a bar aikin yadda mutane suka gan shi. Sannan ta juya ga Yaya cikin ladabi ta tambaye shi ko da safe ya fi son zuwa, ko da yamma.

Ya juyo da kai a hankali ya dubi ƙanwarsa, fiffiken na karkarwa a saman kansu.