Layin Auta

Wata goma sha huɗu ke nan da Auta ya tafi neman aiki ƙetare. A kiransa na ƙarshe ya ce gobe za su shiga jirgin ruwa, cajinsa ya kusa ƙarewa, a sa shi a addu'a. Daga nan shiru. Ba gawa, ba labari.

Uwarsa ba ta daina kira ba. Kullum in ta gama wanke-wanken safe, sai ta goge hannu a zani ta danna lambar. Kullum muryar nan ta kamfani ce ke amsa mata, wayar a kashe take. Mijinta, Kafinta, ya yi faɗa har ya gaji. Shi ya riga ya binne ɗansa a zuci, amma bai taɓa furtawa da baki ba.

Wata Talata yana shago yana goge ƙafar kujera, sai ga ta ta faɗo, takalmi wari da wari.

"Malam, ta shiga! Wallahi ta shiga!"

"Me ya shiga?"

"Wayar Auta. Ta yi ƙara, na tsorata na kashe. Ungo, kira."

Ya karɓa da hannu duk garin katako. Ya danna. Ta yi ƙara sau uku. Sai aka ɗauka, muryar mace.

"Halo? Ƙwai ne? Kiret nawa?"

"Ba ni mai wayar."

"Ni ce mai wayar."

"Ɗana nake nema."

"Baba, ban ajiye ɗan kowa ba. Kaji na ajiye." Ta kashe.

Uwar Auta ta zauna a kan benci tana dariya, hawaye na zuba.

"Aure ya yi. Ka ji ja'iri! Kunya ce ta hana shi magana. Kuma ka ji bakinta, wannan za ta yi tsiwa."

Ta koma gida ta share ɗakin Auta, ta wanke labule, ta shanya katifa. Kwana uku tana kira ba ƙaƙƙautawa, tana cewa, "'Yar nan, ba ni mijinki, ba faɗa zan yi ba." Mai ƙwai ta yi bayani, ta yi masifa, daga baya ta daina ɗauka.

Rana ta huɗu Kafinta ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ofishin kamfanin waya. Aka ba shi 'yar takarda, ya zauna cikin sanyin da ya shiga ƙashinsa har aka kira shi. Ma'aikacin ya buga lambar a kwamfuta, ya duba, ya gyara zama.

"Baba, layin nan an sake sayar da shi."

"Wa ya sayar? Na ɗana ne."

"Lamba ba a cikin waya take ba, Baba, a wurinmu take. Kamar ɗakin haya ne. In mai shi ya daɗe bai kira ba, bai sa kati ba, sai a karɓe a ba wani."

"Mai haya ma ana ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wa kuka tambaya?"

"Na'ura ce ke yi da kanta."

"To kira min na'urar."

Ma'aikacin ya fara murmushi, ya dubi fuskar tsohon, ya fasa.

"Bar wannan," in ji Kafinta. "Faɗa min inda wayar take ranar da ta mutu."

"Waya da dogon ƙarfen nan na bakin hanya take magana, wanda ya fi kusa da ita. Da ya tsallaka iyaka, ba ƙarfenmu ba ne kuma. In ko cikin teku ne..."

"Ƙarasa."

"Babu ƙarfe a teku, Baba."

Kafinta ya tashi bai yi sallama ba. A waje ya tsaya gindin bango ya kira mai ƙwai da tasa wayar. Ya gaya mata komai, a taƙaice. Yana jin kukan kaji a bayanta.

"Allah sarki. Baba, ka yafe min, na yi wa tsohuwar nan rashin kunya."

"Ki bar mana layin."

"Ina ma zan iya. Na rubuta shi a ƙofar shago, duk masu sayen ƙwaina shi suka sani. Kuma in Mama ta fara kira, ba mai samuna. Sai dai in toshe lambarta, ta huta, in huta."

Kafinta ya yi tunani. A ganinsa, in an toshe, komai zai koma yadda yake da: muryar kamfani, wayar a kashe. Matarsa ta rayu wata goma sha huɗu da wannan, za ta ci gaba. Shi kuma ba sai ya buɗe baki ba.

"Toshe," ya ce.

Ya koma gida, ta tambaye shi ina ya je da rigar fita. Ya ce wurin masu katako.

Washegari ta kira. Ba muryar kamfani. Ƙara guda, ƙit, ya yanke. Ta sake, haka. Ta sake. Ta ɗauki wayar ta kai wa maƙwabciyarta, malamar makaranta, wadda ta san kan waya. Malamar ta gwada da tata, ta shiga lafiya lau. Ta gwada da ta tsohuwar, ƙit.

"Mama, wannan ai toshe ki aka yi. Ke kaɗai."

Da Kafinta ya dawo cin abincin rana, ba a ɗora tukunya ba. Ya same ta a ɗakin Auta, zaune a ƙasa, wayar a cinya.

"Ya toshe ni, Malam."

"Wa ya ce?"

"Kowa na samunsu, ban da ni. Na san dalili. Ranar da zai tafi na ce kada ya je, ya ƙi ji. Ya durƙusa zai yi min sallama, na juya masa baya. Ko ƙofa ban raka shi ba. Shi ya riƙe."

Kwana biyu ba ta ci ba sai ruwa. Ba ta kuka, ba ta kira. In ya yi magana sai ta ce, "Da gaskiyarsa." Kafinta ya je shago, ya yanka katako ba daidai ba, abin da bai yi ba tun yana koyo. Ya ajiye zarto. Abu biyu ne a gabansa, duka ba na ɗauka ba: ya bar mata ɗa mai rai da ya tsane ta, ko ya karɓe shi gaba ɗaya. Ya rufe shago da rana tsaka.

Ya zauna a bakin gadon Auta, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Ke. Dube ni. Ni na sa aka toshe ki."

Ta ɗago.

Ya gaya mata ofishin, da ɗakin haya, da mai ƙwai wadda ba ta taɓa ganin Auta ba. Bai rage ba, bai sa zuma ba.

"Ba matarsa ba ce?"

"Ba ta san shi ba."

"Ke nan ba fushi yake da ni ba."

"Ba ya fushi da ke."

"To yana ina?"

Kafinta mutum ne da ba a taɓa tambayarsa ya rasa amsa ba. Ya dubi hannunsa.

"Ban sani ba. Amma ina jin ruwan nan bai bar shi ba."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Tun yaushe kake jin haka?"

"Tun watan farko."

"Ka bar ni ni kaɗai ina kira."

Bai musa ba. Ta dafa bango ta tashi, ya miƙa hannu, ba ta kama ba. Ta ninke zanin gadon da ta shimfiɗa, ta rungume shi a ƙirji.

"Kira yayyensa su zo."

"Yau?"

"Yau. Kuma kai za ka faɗa musu, da bakinka."