Wasiƙun da Inna ta adana a kwando

Kwamfutar nan ta Inna, ai ta girmi jikokinta duka. Tana kan teburin ɗaki, an lulluɓe ta da tsohon zani saboda ƙura. Marigayi mijinta ne ya saya mata lokacin da aiki ya kai shi nesa, ta nan yake aiko mata da wasiƙu.

Da manhajar imel ta ƙi buɗewa, sai 'yarta ta kira mai gyara.

"Inna, wannan kamfaninta ma ya sallame ta," in ji shi. "Sabuwar manhaja da ƙyar za ta hau."

"Ni ma likita ya sallame ni, ga ni zaune. Ɗora mata, ɗan nan. Wasiƙun Malam kawai nake so."

Ya yi ta fama har ta hau. Ya duba akwatin saƙo, ya waiwayo.

"Ina kike ajiye su?"

"A kwando mana. Duk wadda na karanta sai in danna kwandon nan, kada ta ɓata."

Mai gyara ya janye hannunsa a hankali. Kwandon shara ne. Tsohuwar manhajar ba ta taɓa zubar da shi ba, shekara goma sha ɗaya. Sabuwar kuwa tana buɗewa ta share shi tas.

Wasiƙa ɗaya ta rage a akwatin, ta ƙarshe, wadda aka tarar ana zaman makokin Malam, Inna ta kasa buɗewa.

"In karanta miki?"

Ta kalli gilashin kwamfutar.

"Bar ta a rufe," ta ce.