Kwana Biyar da Ba a Shayar da Gada Ba

Wanda ya fara tsayawa a ƙarƙashin gadar da ya zana da hannunsa, yayin da ake zare sandunan da suka tokare ta, shi ne malamin nan da ɗalibai suka laƙaba wa Mai Hular Kwano. Shekara ashirin da shida ke nan da yin haka, a shekarar da ya kafa ƙungiyar sa-kai ta ɗaliban injiniya. Allah ya jiƙansa. Shi ne ya ga tsofaffin unguwar bayan jami'a suna tsallake babbar magudanar ruwa a kan katako guda, sai ya tara ɗalibansa a lokacin hutu, ya ce musu ilimin da bai tsallakar da tsohuwa kwata ba, ado ne kawai.

Ƙa'ida biyu ya bar wa ƙungiyar, kuma ba a taɓa rubuta su ba. Ta farko, wanda ya zana gada shi kaɗai ke shayar da kankarenta, safe da yamma, kwana bakwai na farko, domin wadda ta haifa ita ke shayarwa. Ta biyu, ranar zare tokara za a jibga buhun yashi arba'in a sama, mai zanen ya shiga ƙasa ya tsaya har a fitar da sanda ta ƙarshe. A kan wannan aka gina ƙananan gadoji ashirin da biyar a unguwanni daban-daban, mutum ashirin da biyar suka tsaya, ba wanda ya samu ko ƙwarzane.

Ta ashirin da shida, ta wata unguwa da ita ma katako guda ake takawa a tsallake magudanarta, ta faɗo a hannun wata ɗalibar ajin ƙarshe da ake kira Ma'auni, saboda ko sukarin shayi ba ta zubawa sai ta baje bakin cokali. Ita ce shugabar ƙungiyar a wannan shekara, kuma ba ta yi wa kowa sauƙi ba. Mataimakinta wani ƙaton saurayi ne mai faɗin tafin hannu, ana ce masa Guduma. Ran da ya makara taro da minti goma, a gaban kowa ta wanke shi tas.

"Wanda bai iya riƙe agogo ba, ba zai riƙe gada ba," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, agogon ne ya tsere," ya ce yana dariya. "Amma ga hannu nan, in ana bukatar ɗaukar siminti."

An zuba kankaren ranar wata Asabar, ana tsananin zafi. Ɗalibai ashirin suka yi layi da kwanon kwaɓa tun hantsi, Guduma na bakin injin yana yi wa kowa tsiya. Kamar yadda aka saba, sun cika ƙananan akwatunan ƙarfe shida daga kwaɓin, domin a sami dunƙulen gwaji. Aka kai su ɗakin gwaji na tsangaya, aka nutsar da su cikin tankin ruwa mai sanyi. Washegari kowa ya kama hanyar gida, aka bar Ma'auni da gadarta da bokiti biyu da jiƙaƙƙun buhunan da aka lulluɓe saman da su.

Kwana biyu ta shayar, safe da yamma, tana sa alama a takardar jadawali da ke maƙale a bayan ƙofar ofishin ƙungiya. A daren rana ta biyu aka kira ta daga wani kamfanin gine-gine a wani gari, aka ce ta zo gobe a gwada ta na kwana biyar, wanda ya ci za a ɗauke shi aiki da zarar ya kammala karatu. Mahaifinta mai walda ne, idanunsa sun fara mutuwa saboda hasken wuta, kuma ƙannenta huɗu ne. Ta buɗe waya ta kai kan lambar Guduma, wanda gidansu bai fi tafiyar rabin awa daga gadar ba. Sai ta tuna minti goman nan, da abin da bakinta ya faɗa a gaban jama'a. Ta tuna kuma cewa cikin mutum ashirin da biyar ba a taɓa jin wanda ya ba wani aron bokitinsa ba. Ta mayar da wayar cikin jaka. Ta jiƙa buhunan sharkaf, ta ce a ranta za su riƙe laima, ta tafi.

Da ta dawo, buhunan sun bushe ƙamas kamar fatar da aka shanya. Ta kwara ruwa, kankaren ya zuƙe shi nan take. Ta koma ofis, ta tsaya a bayan ƙofa, ta cike gurbi goma da alƙalami, tana ɗan sauya karkatar hannu don kada su yi kama da na zama ɗaya.

A al'ada kwana ashirin da takwas ake jira kafin a zare tokara. Amma a wannan shekara an matso da komawa makaranta, kuma an riga an gayyaci manyan baƙi, sai aka tsayar da rana ta goma sha huɗu. Uban ƙungiya, malamin da ya gaji Mai Hular Kwano, ya ce ya yarda in dunƙulen gwaji sun ci jarrabawa. Aka tsamo uku daga tankin da suka yi mako biyu suna sha, aka sa su a injin matsa, suka jure fiye da abin da ake nema. Aka buga hatimi a takarda.

Ana gobe biki, wani tsohon magini na unguwar, wanda ya taimaka musu wajen kafa katako, ya hau gadar da ƙusa a hannu. Ya karce saman, gari ya tashi. Ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, ya sake ƙwanƙwasawa.

"Malam, abin nan yana jin ƙishi," ya ce wa uban ƙungiya. "Muryarsa ba ta yi mini ba."

"Baba, ga takarda. Inji ya auna."

"Injin ya auna waɗanda kuka kai ɗaki kuka yi wa gata. Wannan a rana ya kwana, a rana ya tashi. 'Ya'yan uwa ɗaya ne, amma ba tukunya ɗaya suka ci ba." Ya juyo ga Ma'auni. "'Yata, ke ce uwarsa. Kin ba shi ruwa yadda ya kamata?"

Uban ƙungiya ya riga ta amsawa. "Baba, wannan da kake gani, ko numfashi sai ta auna take yi. Jadawalinta a cike yake."

Ma'auni ta auna abin a ranta. Kalma ɗaya za ta faɗa a ɗaga bikin, a ƙara mako biyu, a sake gwaji. Amma kalmar za ta tafi da takardar shaidar da uban ƙungiya zai rubuta wa kamfanin, ta tafi da sunan da ta yi shekara biyar tana ginawa.

"A cike yake, Baba," ta ce.

Tsohon ya dube ta, ya jefa ƙusar a aljihu. "To, Allah ya sa kunnena ne ya tsufa."

Ma'auni ta lallashi zuciyarta da lissafi. Rodin da ta sa ya fi abin da littafi ya nema. In ma abin ya zo da ƙarar kwana, ai ita ce a ƙasa. Laifinta ne, kanta ne, ba ta ci amanar kowa ba. Da wannan ta sami natsuwa, har ta ga kamar jarumta ce.

Da safe aka kafa rumfa a bakin magudanar, aka jera kujeru, mutanen unguwa suka cika gaɓa biyu. Ɗalibai suka jibga buhu arba'in. Ma'auni ta sa hular kwano, ta sauka cikin magudanar da ta kusa ƙafewa, ta tsaya a tsakiya cikin wari da laka, jama'a na tafi. Sai ta ga Guduma yana saukowa a bayanta da babbar gudumarsa a kafaɗa. Nan ne abin da ta sani tun shekararta ta farko, ta kuma ƙi tunawa, ya dawo mata: sanduna ba sa zare kansu. Mataimaki ne ke bugunsu, kuma a ƙasa yake tsayawa.

"Ranki ya daɗe, yau ban makara ba," ya ce. "Duba agogo."

Sanduna goma sha biyu ne. Ya fara daga tsakiya yana yin gefe. Ta ɗaya ta faɗi, ta biyu, ta biyar. Jama'a na ƙirgawa da ƙarfi. A ta takwas wani gari mai laushi ya zubo a kan hannun rigarta. Ta ɗaga kai ta ga tsaga siririya kamar zaren gizo. Ta buɗe baki. Ta dubi rumfar, ta ga uban ƙungiya yana murmushi, ta ce a ranta saura huɗu kawai.

A ta goma sha ɗaya ta yi ihu, "Guduma, bari!" Amma gudumar ta riga ta tafi.

Ba a tsakiya gadar ta karye ba, inda Ma'auni take tsaye. A gefe ta sare, kusa da bango, inda Guduma yake. Ɓangaren ya sauko da buhu goma sha wani abu a kansa. Sai da maza takwas suka sa ƙarfe suka ɗaga kafin a jawo shi. Ita kuwa ƙura kawai ta same ta.

Likitoci sun ceci ransa, ba su ceci hannun damansa ba. Daga gwiwar hannu suka yanke. Kwana uku Ma'auni tana kaiwa ƙofar ɗakin asibitin tana juyawa. A na huɗu mahaifiyarsa ta gan ta, ta kamo ta ta rungume.

"'Yar nan, shigo. An ce ke ma kina ƙasa, ba ki gudu ba. Allah ya yi miki albarka. Ƙaddara ce, ba mai tsallake ta."

Wannan addu'a ta fi mata zafi a kan zagi. Ta jira tsohuwar ta fita wanke kwanuka, ta tsaya a gefen gadon, ta faɗa masa komai: kiran kamfanin, kwana biyar, gurbi goma, da lambarsa da ta buɗe ta rufe.

Guduma ya dubi silin. Babu dariya a muryarsa da ya yi magana.

"Bokiti nawa ne a rana?"

"Ashirin."

"Ashirin." Ya dubi inda hannunsa yake a da. "Da hannu ɗaya ma zan iya wannan. Da kin kira ni, wallahi ko tsiya ba zan yi miki ba. To, ƙila kaɗan." Ya juya fuska ga bango. "Ki tafi, Ma'auni. Inna za ta dawo, ba na son ta ji daga bakinki a nan."

A wannan mako kwamitin bincike ya zauna, kuma ya fara ɗora laifin a kan tsohon magini, cewa shi ne bai kafa katakon daidai ba, tun da ba shi da takarda ko ɗaya da za ta yi magana a madadinsa. Ma'auni ta je ofishin ƙungiya, ta cire jadawalin daga bayan ƙofa, ta shiga ɗakin taron ba tare da an kira ta ba, ta ajiye shi a kan tebur, ta nuna gurbi goman da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Ga abin da aka samu, ga abin da ya rage. An wanke tsohon magini, sai dai bai ƙara zuwa aikin ɗalibai ba. An dakatar da Ma'auni shekara guda, kamfanin ya ɗauki wani, mahaifinta ya ci gaba da walda da idanun da suka rage masa. Guduma ya koyi zane da hannun hagu, ya kammala bayan 'yan ajinsa da shekara biyu, kuma in sun haɗu a farfajiya yana amsa gaisuwarta, ba ya ƙarawa. Unguwar ta koma kan katakonta guda har damina biyu. Ƙungiyar ta riƙe gadoji ashirin da biyar, duk suna tsaye har yau. Ta riƙe ƙa'idar shayarwa, amma yanzu mutum biyu ke zuwa, kuma dunƙulen gwaji a gefen gada suke kwana, su sha abin da ta sha. Ƙa'idar tsayawa a ƙasa kuwa an binne ta. Jadawalin nan yana bayan ƙofar ofis, an mayar da shi inda yake, da alamominsa goma sha huɗu, huɗu na gaskiya.