Sunan Malam Abdou a Shafin Godiya

Tun da na fara aiki a maktabar wakafin nan ta Al-Ranuna, a nan ƙasa mai tsarki, ban taɓa shiga ofishin Dakta Mu'azzam ina huci ba sai ranar nan. Shi ne shugabanmu, mutum mai sanyin magana, irin sanyin da ke ƙara tunzura ni. Wai in cire sunan Malam Abdou daga shafin godiya.

Ga yadda abin yake. Muna da akwatuna cike da littattafan da alhazan ƙasar Hausa suka bari, wasu da Larabci, wasu da ajami. Mu uku muka ɗauki aikin yi musu jagora a intanet, don mai bincike ya san abin da ke cikin kowane akwati yana zaune a gidansa. Ni ke rubuta bayani. Haisam, ɗan yayata, shi ke haɗa shafin. Yana jin Hausa sarai, ja'iri, amma da Larabci yake mayar min. Na ukunmu Malam Abdou ne, mutumin Damagaram, direban bas mai ɗaukar masu umara daga Bi'ir Ali zuwa Makka. Ranar hutunsa yake zuwa, ya wanke hannu ya zauna. Shi ya karanta ajami, ni in warware Larabci, mu yi ta musu a kan layin da ƙwari suka cinye rabinsa. Lada kawai yake nema.

Da muka buɗe shafin, Haisam ya sa sunan Malam Abdou, ya rubuta mai karanta ajami a ƙasa, don murna kuma ya tura wa kowa. Daga waya zuwa waya har ya isa ga manajan kamfanin bas ɗin, shi kuwa ya kira Malam Abdou ya tambaye shi ko wani kafili, wato sabon ubangida mai tsaya masa, ya samu a ɓoye. A iƙamarsa, takardar izinin zamansa, direba aka rubuta, ga lokacin sabunta ta ya matso.

Na ce wa Dakta ai taimako ne, ba aiki ba, kuma sunan kamfanin da ya ara mana na'urar ɗaukar hoto yana nan ɓaro-ɓaro, babu mai taɓa shi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Safiyatu, ke 'yar ƙasa ce. Takardarki ba ta taɓa zama a hannun wani ba."

Wallahi maganar ta yi min zafi. Na fita ko sallama babu.

Bayan la'asar sai ga Malam Abdou da rigar kamfani, idanunsa jajur don gajiyar hanya. Ban bari ya zauna ba na fara. Na ce da ƙafata zan je wurin manajan nan, in ya so mu kai har inda za mu kai. Ya saurare ni kansa a sunkuye.

"Hajiya, don Allah kar ki je," in ji shi. "Ko kin yi nasara, ke gida za ki koma. Ni ne zan ci gaba da zama a ƙarƙashinsa."

Haisam, da jikinsa duk ya yi sanyi, ya ce ko a rubuta wani bawan Allah. Malam Abdou ya ce a'a, manaja ya riga ya san ko wane ne bawan. Ya zagaya bayan kujerar Haisam, ya tsaya yana kallon sunansa a allon kwamfuta, har na ɗauka ya sake shawara.

"Yalla, maza goge," ya ce wa Haisam.

Haisam ya goge. Ni dai na juya ina gyara akwatin da ba ya bukatar gyara, saboda hawaye sun taru min kuma ba na son ya gani.

Malam Abdou yana ɗaura takalmi a bakin ƙofa wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa ce Raudatu, wadda ke jami'a a Yamai. Muryarta na fitowa har inda nake. Wai tana tare da malaminta da ƙawayenta, ta buɗe shafin za ta nuna musu sunan babanta, ta duba sama da ƙasa ba ta gani ba.

Ya juya mana baya.

"Kuskure suka yi da farko, 'yata," ya ce. "Ɗan abin da na taya su bai kai a sa suna ba."