Wa Zai Cuɗa Mini Baya?

Tsohuwar ta fito daga bayan labule a duƙe, tana dogara sanda, sai filin makarantar ya yi tsit. Dauda mahauci ya manta da zafin rana, ya manta da ƙarnin mayanka da bai gama fita daga hannunsa ba. Bai taɓa kallon wasan kwaikwayo ido da ido ba. Yara sun miƙe wani shuɗin yadi suna girgizawa, wai kogi ne, kuma da iska ta shiga ƙarƙashinsa, wallahi sai ya ga Binuwai da damina.

Da Faransanci ake wasan, maƙwabcinsa André ke raɗa masa fassara. Tatsuniya ce ta 'yan mata biyu da suka je ɗebo ruwa, suka tarar da tsohuwa a bakin kogi.

"Ba ka gane tsohuwar ba?" in ji André, yana zungurinsa. "Khaularka ce fa!"

Dauda ya ƙura ido. Zanen ya fara ganewa kafin 'yarsa: baƙin saƙi mai ratsin fari, wanda mahaifiyarsa Inna Aisatu ta zo da shi daga Tibati. Sai kakkarwar hannun hagu irin ta Inna. Sai jan ƙafa. Can Khaula ta saki Faransancin da aka koya mata, ta ce da Hausa, cikin shaƙaƙƙiyar murya:

"Wa zai cuɗa mini baya? Ƙaiƙayi nake ji."

Fili ya kece da dariya. Dauda kuwa kullum yana jin kalmomin nan daga ɗakin ajiyar fatu da ke bayan gidansa. Tun da Inna ta rikice, ta fara fita ba mayafi tana kiran matattu da sunayensu, unguwa ta soma tsegumi. Da ɗan wata maƙwabciya ya kwanta zazzaɓi, aka ce mayya ce. Masu sayen ƙosan matarsa Salamatu suka watse. Dauda ya rufe Inna a ɗakin, ya sa kwaɗo, kuma gobe direba Moïse zai kai ta ƙauye, wajen wani mai magani da ke ɗaure irinsu da marin ƙarfe.

A dandali, yarinya ta farko ta toshe hanci ta wuce. Ta biyu ta ajiye tulu, ta durƙusa, ta cuɗa. Sai bayan tsohuwar ya buɗe, takardu masu walƙiya suka zubo, rana ta kama su kamar an watsa zinariya. Dauda ya ji bakinsa na cewa "Allahu akbar!" bai sani ba.

Malamarsu, Madam Irène, ta tambayi yara darasin da suka koya. Suka haɗa baki: a tausaya wa tsofaffi. Kowa ya tafa. Har maƙwabciyar da ta fara cewa mayya, tana tafi tana share ido.

* * *

A hanyar gida Khaula na tafe tana tsalle, da sauran toka a fuskarta.

"Ke uwata, wa ya koya miki tafiyar nan?"

"Ba kowa, Baba. Ta taga nake leƙa ta."

"Zanen fa?"

"Ita ta miƙo mini. Wai in kai wa Dauda ya lulluɓa, yaro ne, ba ya jure sanyi." Ta yi dariya. "Baba, kai ne yaron?"

Ya karɓi zanen ya naɗe.

* * *

"Ɗora ruwan zafi," ya ce wa Salamatu.

"Baban Khaula, gobe fa Moïse zai zo."

"In ya zo ya koma. Ba inda za ta."

"To, unguwa fa? Sana'ata fa?"

Ya ɗauko makullin ɗakin. Ta hura wuta, amma ta rantse ƙafarta ba za ta taka ɗakin ba.

Kwaɗon ya cije kafin ya buɗe. Wari ya tare su a bakin ƙofa. Inna na zaune kan buzu cikin tsumma, ta ƙanƙance kamar yarinya. Ba daidai ba ne ɗa namiji ya wanke uwarsa, don haka Khaula ta durƙusa da soso, shi kuma ya riƙe moɗa yana zuba ruwa, kansa a sunkuye. Duk da haka ya gani. Ƙasusuwa ne, da ɓawon ƙuraje, da sawun farce inda hannunta ya iya kaiwa. Khaula ta cuɗa a hankali, kamar yadda aka yi mata a dandali. Ba abin da ya zubo sai baƙin ruwa.

Inna ta sauke dogon numfashi, ta lumshe ido. Sannan ta waiwayo ta yi masa kallon baƙo.

"Allah ya yi maka albarka, bawan Allah. Ko ka ga yarona Dauda a waje? Ka gaya masa an rufe ni. Shi dai ba zai yarda ba."

Dauda ya ajiye moɗar. Ya warware baƙin zanen ya yafa mata. Ta shafa ratsin, ta cire shi, ta miƙa masa.

"Kai masa," ta ce. "Sanyi ake."