Saukar Arzika

A Katanga, in ka tambayi wane ne Arzika, amsar ta danganta da wanda ka tambaya. Manoma za su ce mutum ne da ba ya ɓoye ruɓaɓɓiyar albasa a gindin buhu. Direbobin da ke lodi a Aliero za su ce ya cika ja a ciniki. Matarsa Zulai kuwa cewa take bai taɓa jin magana har ƙarshenta ba, kana tsakiyar faɗi zai ce "madalla" ya wuce. Ni Ɗayyabu, da muka taso tare, na san abu guda da su ba su sani ba. Shekara shida yana zuwa zauren Malam Usmanu bayan Asuba, da allo a cikin babbar riga, yana biyan karatun da noma ya hana shi tun yana yaro. Ya ce kada in faɗa wa kowa. Mai furfura da allo, in ji shi, abin dariya ne.

Jihar Kebbi ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba aka sa ranar zaɓen kansiloli, irin wanda ake bin layi a bayan hoton ɗan takara a ƙirga mutane. Arzika ya fito, Sa'idu mai injin niƙa ya fito. Abin da Arzika ke so bai wuce ɗaya ba: a sa kwalbati a kwarin da ke tsakaninmu da titi, inda motocin albasa ke kafewa. Don shi yake neman kujerar. Mutanen Fagada, da ake haɗa ƙuri'arsu da tamu, kusan duk nasa ne.

Saura kwana goma zaɓe, Arzika ya wanke allonsa na ƙarshe. Ya raɗa mini a bakin rijiya, idonsa cike da hawaye. Ya ce sadakar sai bayan zaɓe.

Abin ya tsaya mini a rai. A lokacin ina ajin yaƙi da jahilci, mun fara rubuta wasiƙa. Na ga ai yanzu ba sauran kunya, tunda an gama. Na yago takarda na rubuta wa filin gaishe-gaishe na rediyo:

"Ana sanar da jama'ar Jega da Aliero da Maiyama cewa Arzika na Katanga, ɗan takarar kansila, ya sauka. Allah ya sa albarka. Daga wani masoyinsa."

Ɗan takarar nan don girmamawa na sa shi. Na so in rubuta abin da ya sauke, amma ban tabbata yadda ake rubuta Alƙur'ani da boko ba, kuma ba kalmar da zan yi wa kuskure ba ce. Na ce ai kowa ya san sauka. Na ba wani direba mai zuwa Birnin Kebbi.

Ran Alhamis da La'asar aka karanta ta. Ina zaune ni kaɗai a ƙofar gida, na ji rubutuna a bakin wani mutum, har na tashi tsaye.

Washegari bayan Juma'a, mutane suka yi wa Arzika caa a ƙofar masallaci. Shi bai ji rediyon ba, yana fadama.

"Arzika, wai da gaske ka sauka?"

Ya ɗan yi turus, ya waiwayo ya dube ni. Sai ya yi murmushi. "To, tunda kun jiya, mi zan ɓoye? Na sauka, alhamdu lillahi."

"Haka kawai? Ba shawara?"

"Wace shawara? Shekara shida ina bisa wanga al'amari."

"Shekara shida? Watan jiya hwa munka buga maka hoto!"

"Madalla, madalla," in ji Arzika, ya miƙa wa na gaba hannu.

Ni ma a lokacin ban gane ba. Ina ta mamakin yadda fuskoki suka ɓaci a kan abin alheri. Sai ga Sa'idu ya ratso taro, ya kama hannun Arzika da hannu biyu, ya rusuna.

"Yaya, ka yi mani abin da ban zata ba. Ban da bakin godiya."

"Haba Sa'idu, ai kaina na yi ma. Kai ma Allah shi nuna muna taka."

Sa'idu ya saki hannun a hankali. "Tawa kuma?"

"Taka mana. Ba a tsufa da ita. Ka zo in kai ka wurin Malam Usmanu."

"Malam Usmanu na cikin maganar?"

"Shi ya tsaya mani tun farko."

Nan take aka fara raɗa cewa ashe Malam ne ya sa shi janyewa. A nan na gane an ɗauka daga takara ya sauka. Na buɗe baki, wani ya riga ni, wani ya ɗora. Ni mutum ne mai jira a gama kafin in yi magana, su kuwa ba su gama ba har aka watse. Na ce bari in same shi gida.

A gida na tarar da Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, ta zo tun daga Karaye da ƙullin gero. Ita abin da ta fahimta, ya dawo daga tafiya ne.

"Sannu da sauka, ɗana. Ina ka tahi ba sallama? Ikko ka kai albasa?"

"Gwaggo, ina nan, ban tahi ko'ina ba."

"To daga ina ka sauka?"

Zulai ta leƙo daga madafa. "Gwaggo, bisa kujera ya sauka, wadda bai ko hau ba."

"Ya faɗi? Ya ji ciwo?"

Arzika ya yi dariya, ya ce mata ba su san komai ba, ya ɗauki buta. Na bi shi har bakin zaure na ce, "Arzika, maganar saukar nan..." Ya ce, "Madalla, Ɗayyabu, na san Malam ne ya faɗa, ba komai," ya shige. Na tsaya da sauran maganar a bakina. Gaskiya kuma na ji sauƙi da ya ɗora wa Malam. Na ce wa kaina ai kafin safe wani zai warware.

Ba wanda ya warware. Ran Asabar da hantsi Arzika ya iso filin firamare da farar riga, ya kafa hotonsa a jikin sanda. Mutane suka tsaya suna kallonsa.

"Mi kuma ya kawo ka?"

"Zaɓe mana."

"Ba ka sauka ba?"

"Na sauka."

"To?"

"To mi?"

Malamin zaɓe ya duba takardunsa ya ce shi dai ba a kawo masa takardar janyewa ba, sunan Arzika na nan. Wani tsoho ya shiga layin Sa'idu, ya fito, ya shiga na Arzika, ya sake fita ya tsaya a tsakiya yana tambaya wanne ne na waɗanda suka sauka. Sai da Malam Usmanu ya zo aka tare shi da tambaya, ya ce, "Ƙwarai ya sauka, ni na biya mashi Baƙara." Sai aka kwashe da salati, wasu da dariya. Arzika ya cire hula ya riƙe a hannu.

Waɗanda ke wurin da yawa sun dawo layinsa. Amma mutanen Fagada, da suka ji tun Alhamis nasu ya sauka, yawancinsu fadama suka tafi ciran albasa. Aka tura mai keke, kafin ya tattaro su an gama ƙirga. Da aka haɗa, Sa'idu ya wuce shi da mutum goma sha ɗaya.

Daga nan gari ya koma neman masoyin nan na rediyo. Aka ce Sa'idu ne. Ya rantse bai iya rubuta ko sunansa ba, aka ce to ya sa an rubuta masa. Mata suka daina kai niƙa injinsa. Duk inda na zauna maganar ke nan, ina saurare, ina gyaɗa kai.

Ran Laraba Arzika ya yi sadakar saukarsa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ga masa, ga goro. Ya karanta farkon Baƙara a allon zayyana. Sa'idu ya zo, ya zauna can gefe, ba wanda ya matsa masa wuri. Da aka shafa fatiha wani ya ce, "Allah shi tona asirin mai wasiƙa," aka amsa da amin mai ƙarfi.

Ban jira kowa ya gama ba. Na miƙe.

"Ba Sa'idu ba ne. Ni ne masoyin. Murna na so in yi maka, kalma guda ta gagare ni rubutawa, na bar ta. Ran Juma'a na gane, na yi shiru."

Arzika ya buɗe baki, na san madalla zai ce. Na ɗaga hannu.

"A'a, yau ka bari in kai ƙarshe. Na tona maka asiri, na sa ka rasa kwalbatinka, na bar Sa'idu da zagi kwana huɗu. Sa'idu, ka yahe mani. Arzika, don girman abin da ka karanta yanzu, ka yahe mani."