Kejin da Monday Ya Yi wa Ƙaninsa

Shekarar da soja suka koma bariki, kowa a Kaduna ya zama ɗan majalisa. Mutum uku ba za su zauna cin tsire a Sabon Tasha ba sai sun naɗa ciyaman da sakatare, sannan a ɗaga hannu a kan ko za a ƙara yaji. Cikin wannan zazzaɓin ne wasu makanikai da 'yan tireda su tara suka kafa ƙungiyar tseren mota. Suka haɗa wata tsohuwar Fijo da ta gama wahala a aikin tasi, suka ce da ita za su kara da mutanen Jos da na Zariya ranar ɗaya ga Oktoba, a wani fili bayan Kakau inda masu aikin titi suka kwashi jar ƙasa suka bar ramuka. Wai don taya dimokuraɗiyya murna. Ita dai dimokuraɗiyyar ba ta aiki kowa ba.

Monday mai walda ba ya cikinsu, kuma bai yi baƙin ciki ba. Shekara ashirin yana Kakuri yana yi wa mutane ƙarafan taga, kuma daga Kakuri har Romi ba a taɓa jin ɓarawo ya shiga ta tagar da ya yi ba. Ma'auninsa ba tef ba ne, kansa ne. In ya gama taga sai ya cusa kai tsakanin ƙarafan, in kan ya wuce sai ya ƙara ƙarfe. Allah kuwa ya yi shi da ɗan ƙaramin kai, don haka tagoginsa ko kyanwa sai ta yi azumi kafin ta gwada.

Abin da ya jawo shi cikin maganar shi ne Ben, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ƙungiyar ta zaɓa ya tuƙa motar. Ranar da Ben ya baro garinsu Zonkwa, tsohuwarsu ta kama hannunsa ta sa a cikin na Monday ta ce, "Ga shi nan da ƙafa biyu da hannu biyu. Haka nake so ka dawo min da shi." Shekara goma sha ɗaya ke nan, Monday bai manta ko kalma ɗaya ba. Shi Ben ɗin ya ce bai ma tuna an yi haka ba.

Masu shirya tseren sun kafa doka: motar da ba a ɗaura mata kejin ƙarfe daga ciki ba, wanda zai tare rufi kada ya murƙushe direba in ta kife, ba za ta shiga fili ba. Saboda haka wata Asabar da hantsi 'yan ƙungiya suka turo Fijon har rumfar Monday, Cif Obiora mai sayar da kayan gyaran mota a gaba, da jar hularsa da ƙararrawar tebur da ya saya musamman don shugabanci.

Monday ya ajiye musu fayif biyu a ƙasa. Ɗaya baƙi ne mai kauri, marar ɗinki, da ya tsinto wajen masu tsohon ƙarfe. Ɗayan fayif ɗin ruwa ne, fari, yana ƙyalli.

"Wannan baƙin shi ne na aikin," in ji shi. "Zan lanƙwasa shi ya bi rufi daga bayan kujera, in sa wani a gicciye, in dasa ƙafafunsa a kan fallen ƙarfe mai kauri don kada su huda ƙasan motar. Wancan farin kuwa yana da ɗinki tun daga sama har ƙasa. In nauyi ya hau shi, ta ɗinkin zai buɗe."

Cif Obiora ya ɗaga baƙin da hannu biyu, ya yi nishi ya ajiye. Ya ɗaga farin da hannu ɗaya, ya yi murmushi. Binciken kimiyya ya kammala ke nan.

"Oga Monday," ya ce, "tsere za mu je, ba dakon siminti ba. Kuma zamanin mutum ɗaya ya yanke hukunci ya wuce. Masu son fari su ɗaga hannu."

Hannu takwas suka tashi. Monday bai kalli kowa ba sai Ben. Ben ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa, sannan a hankali na taran ya tashi.

"Kai ma?"

"Yaya, motar ba ta da ƙarfi. In ka ɗora mata wannan, a ƙafa ma za a wuce ni."

"Wuyanka ne a ciki, ba na Cif ba."

Cif ya buga ƙararrawa. "Mai walda ba ɗan ƙungiya ba ne, ba shi da ƙuri'a. An ji ra'ayinsa, an gode."

Ran Monday ya ɓaci ƙwarai. Da suka tafi ya ja labulen buhu ya rufe rumfar, ya yi abin da ya ga ana yi a ƙasar nan tun yana yaro in ƙuri'a ba ta yi wa mutum daɗi ba: ya yi juyin mulki. Kwana tara yana lanƙwasa baƙin fayif, yana cika shi da yashi don kada ya tsuke a kwana, yana walda yana sake bi. Ya yi na bayan kujera, ya yi na gicciye, ya yi na gaba. A nan ya kamata ya tsaya. Amma da ya ja baya ya dubi aikin, sai ya ga ramuka manya-manya ta ko'ina, wurin gilashin gaba, tagogin baya, gilashin baya, kowanne ƙaton mutum zai wuce ta ciki da kayansa. Hannun da ya shekara ashirin yana toshe irin wannan bai iya haƙuri ba. Ya cusa kai, ya ƙara ƙarfe. Ya cusa kai, ya ƙara ƙarfe. Ƙofar direba kaɗai ya bari, don ko gidan yari ai yana da ƙofa.

A ƙofar fasinja ne ya yi wa jama'a adalci. Ya san ta nan Cif zai leƙa ranar duba aiki, sai ya gitta farin fayif ɗin ruwa guda uku a wurin, ya ɗan ɗiga musu walda kamar mai jin kunya. Sauran kejin kuma ya shafe shi da farin fenti mai ƙyalli, har baƙin ya zama ɗan'uwan fari.

Talatu matarsa ta kawo masa abinci rana ta ƙarshe, ta tsaya tana kallo. "Baban yara, wannan mota ce ko ɗakin ajiyar banki?"

"Ƙarfe ne. Ke dai ajiye kwanon."

"Ta ina mutum zai fita?"

"Ta inda ya shiga."

Ta ajiye kwanon ta tafi abinta.

Ranar dubawa Cif ya buɗe ƙofar fasinja, ya ƙwanƙwasa farin fayif da makullinsa, ya ji ƙarar da yake so. "Kun ga amfanin bin ra'ayin jama'a," ya ce. Aka tafa. Ben ne kaɗai, da ya ja motar zuwa bakin titi ya ji yadda take nishi, ya leƙo ya yi wa yayansa wani irin kallo. Bai tona ba, amma daga ranar ko gaisuwa sai da ƙyar.

Ranar tsere filin ya cika. Masu rake, masu dafaffiyar gyaɗa, 'yan acaɓa, da wani fasto da aka ɗauko ya yi addu'a, ya yi ta har injuna suka fara zafi. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, jar ƙasar ta yi santsi. Mota shida suka tashi. A zagayen farko Ben ne na shida. A na biyu ma bai ba kowa wannan matsayin ba. Cif ya cire hula yana fifita da ita, yana tambayar na kusa da shi ko an tabbata an saki birkin hannu.

Monday yana tsaye a kan tudu, hankalinsa kwance. Na ƙarshe ma ai da ƙafa biyu yake komawa gida.

Amma Ben yana jin dariyar 'yan kallo duk lokacin da ya wuce. A zagaye na huɗu, a kwanar da ke bakin babban ramin, inda kowa ke rage gudu, shi sai ya taka. Fijon ta juya baya gaba, tayar baya ta hau gefen ramin, ta tafi. Sau uku ta wuntsila, mutane suna ƙirgawa da baki, sannan ta kwanta a ƙasan ramin a kan gefenta na hagu, ƙofar direba a cikin laka.

Monday bai san lokacin da ya gangara ba. Ya iske rufin ya lotse ya manne da kejin, kejin kuwa ko gezau. Ta tsakanin ƙarafan gaba ya hango Ben rataye a bel ɗin kujera, hular kwano a karkace, idanu a buɗe.

"Ben. Kana ji na?"

"Ina ji, Yaya. Ban karye ba." Ya yi tari. "Fetur nake ji."

Kowa ya ji. Yana tsiyaya daga baya yana bin laka zuwa wajen injin, injin kuma yana ta hayaƙi. Ben ya kwance bel, ya faɗo a kan ƙofar da ke ƙasa, ya miƙe ya kama ƙarafan gaba ya girgiza. Ya juya na baya ya girgiza. Ya gwada cusa kai, ko hular ba ta shiga ba. Aikin Monday ne, ba a taɓa samun wanda ya wuce ba.

Wani ya miƙo zarto. Monday ya ɗora a kan ƙarfen gaba ya ja sau goma, fenti kawai ya kankare, baƙin ya fito yana kallonsa. Shi ya zaɓe shi don kada ya yanku. Wani mai basira ya ce a kawo wutar gas, aka yi masa tsawa. Jama'a suka taru su tayar da motar, laka ta riƙe ta, ƙafafunsu suna zamewa. Tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ya kama Monday, ya yar da zarton. Ba abin da yake gani sai hannun tsohuwarsu a kan nasa.

"Yaya," in ji Ben daga ciki, a hankali, "ka buɗe min mana."

Sai a lokacin ya tuna. Ya haye saman motar, ya fizge ƙofar fasinja ya buɗe ta sama, ga farin fayif guda uku suna ƙyalli. Ya sa dunduniya ya taka na tsakiya. Ya buɗe ta ɗinkin kamar yadda ya faɗa musu, waldar kunyar ta ɓalle. Ya taka na biyu, ya finciko na uku da hannu. Ya miƙa hannu ya kamo Ben ta wuyan riga, mutane suka ja su biyun suka yi sama da su. Ba su kai bakin ramin ba wuta ta kama.

Suka zauna a kan jar ƙasa suna kallon Fijon tana ci. Da wutar ta cinye fenti da kujeru da tayoyi, kejin ya fito fili, baƙi ƙirin, tsaf yadda aka yi shi, ko lanƙwasa babu.

Cif Obiora ya iso yana haki, ya tsinci guntun farin fayif da Monday ya jefar, ya ɗaga shi sama don kowa ya gani. "Jama'a, ku shaida. Wannan shi ne abin da muka zaɓa, mu tara. Shi ya fitar da yaron nan." Aka tafa masa sosai. Ba wanda ya tambayi abin da ya hana rufin murƙushe yaron kafin a kai ga fitarwa, shi ma Monday bai ce a tambaya ba.

Ben ya cire hular kwano, ya dafa gwiwar yayansa. "Kada ka gaya wa Mama."

"Me zan ce mata? In ce na kulle ka na sa wuta?"

"Ka ce na zo na shida."

Da la'asar Monday ya koma gida Romi. Bai shiga ba. Ya tsaya a tsakar gida yana duban tagoginsa ɗaya bayan ɗaya, falo, kicin, ɗakinsu, ɗakin da 'ya'yansa mata uku suke kwana. Duk aikinsa ne, mafi kyau da ya taɓa yi, don na gida ai ba a yi masa ha'inci. Ƙofar fita ɗaya ce, kuma kusa da ita Talatu take ajiye risho da galan ɗin kananzir. Shekara goma sha huɗu suna kwana a haka, yana alfahari.

Ya ɗauko sabon zarto, ya ja benci zuwa tagar ɗakin yaran, ya fara yanka. Talatu ta fito da ludayi a hannu.

"Baban yara, lafiya? Ƙarfen da ka ce ko soja ba su isa su cire ba?"

"Zan sa masa ƙofa mai sakata ta ciki."

"To kafin ka sa fa? Ɓarayi fa?"

Bai ɗago ba. Zarton yana ta kuka a kan ƙarfen, ƙarfen yana gardama, don mai kyau ne.

"Su shigo," ya ce. "In sun shigo, aƙalla sun san ta inda za su fita."